Ilimi Kyauta Kuma Tilas: Tarihin Wani Alkawari Daga Wurno Zuwa Gandi

Gabatarwa

A cikin watan Yuli na shekarar 2018 'yan bindiga suka auka wa ƙauyen Tabanni da wasu ƙauyukan da ke kusa da shi a gundumar Gandi, cikin Ƙaramar Hukumar Rabah ta Jihar Sakkwato, suka kashe mutane fiye da 30. Waɗanda suka yi sauran kwana, akasarinsu mata da ƙananan yara, suka tsere da kayan jikinsu suka nufi garin Gandi. Kamar yadda aka saba duk lokacin da irin wannan masifa ta faru, ginin makarantar firamare aka buɗe masu. Azuzuwa suka koma ɗakunan kwana, filin wasa ya koma madafa.

Duk wanda ya ji wannan labari, tausayi ne zai fara kama shi. Amma mu da muke riƙe da alƙalami akwai wata tambaya da ta kamata ta biyo bayan tausayin. Daga cikin yaran nan da suka kwana a aji, nawa ne ranar ce ta farko da suka taɓa sa ƙafa cikin makarantar boko? A wannan shekara, dokar ƙasa da ta ce karatun kowane yaro kyauta ne kuma tilas ne ta riga ta cika shekara 14. Shirin da ya haifi dokar kuwa a birnin Sakkwato aka ƙaddamar da shi, tafiyar da ba ta kai ta yini guda ba daga Gandi.

Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. Manufar wannan muƙala ita ce mu waiwaya mu bi sawun kalmar nan ta tilas a sha'anin karatun yara a wannan yanki na Wurno da Rabah da Goronyo, mu ga wa ta hau a kowane zamani, wa kuma ta ƙyale. Mai karatu zai ga cewa kalmar baki biyu gare ta, kuma mafi yawan lokaci baki ɗaya kurum ake wasawa.

Wajibci Tun Kafin Zuwan Bature

Idan muka fara wannan tarihi daga zuwan boko, mun yi wa ƙasar Sakkwato rashin adalci. Tun a ƙarshen ƙarni na 18, lokacin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake zaune a Degel yana yawon wa'azi a ƙasashen Gobir da Zamfara da Kabi, yana daga cikin abubuwan da ya yi ta nanatawa cewa karantar da iyali wajibi ne a kan mai gida. A littafinsa Nurul Albab ya zargi malaman zamaninsa da suke tara ɗalibai safe da yamma, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci. A ganinsa wanda aka bari bai sani ba shi aka zalunta, wanda ya bar shi kuwa shi ne mai laifi.

Ɗansa Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi a Wurno wajen ƙarshen shekarun 1820, ya mai da garin mazauninsa, kuma a can ya rasu a 1837, a can kabarinsa yake. Bello ya ƙarfafa wa Fulani makiyaya su zauna wuri ɗaya a garuruwa masu ganuwa, inda za a sami masallaci da malami da kasuwa. Watau tun wancan lokaci ya gane cewa tsaro da karatu tare suke tafiya.

Ƙanwarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ce ta ɗauki maganar ta mai da ita tsari. Ta kafa ƙungiyar nan ta 'yan taru. Takan naɗa wata dattijuwa amintacciya ta zama jaji, ta ba ta malfa da jan ƙyalle alamar muƙami. Jaji takan jagoranci tsofaffin mata da 'yan mata daga ƙauye zuwa wurin Asma'u, su ɗauki karatu ta hanyar waƙoƙin da ta tsara da Hausa da Fulatanci, su koma su koya wa matan aure da ba su iya fita. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin.

Sai dai kada son abin da yake namu ya sa mu ƙara wa miya gishiri. Wannan wajibci na addini ne. Babu rajistar kiran suna, babu tara, babu hukumar da take ƙirga yaran kowane ƙauye. Ɗan bawa a rinji da ɗan makiyayi a ruga suna iya girma ba su riƙe allo ba, kuma babu alƙalin da za su kai wa ƙara. Duk da haka akwai abu biyu da suka kamata mu riƙe daga wannan zamani. Na farko, nauyin yana kan mai iko ne, uba ko miji ko sarki. Na biyu, karatu ake kai wa mutane har ƙauyensu, ta hannun wanda suka sani suka amince da shi.

Tilas Ta Bature Da Ta En'e

A watan Maris na 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato. Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addini ba, saboda haka aka taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautun Musulmi. A Kudu kuwa su 'yan mishan ɗin ne suka gina mafi yawan makarantu. Ita gwamnati ba ta da niyyar kashe kuɗinta ta cike gurbinsu a Arewa. A 1909 Hans Bisha, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano domin 'ya'yan sarakuna da malamai. A 1922 aka buɗe Kwalejin Katsina domin horar da malamai. Daga nan aka riƙa buɗe elemantare jefi-jefi a manyan garuruwan gundumomi, da midil guda a kowane lardi, akasari da kuɗin baitulmalin En'e. Shi kansa Lugga ya ƙiyasta cewa makarantun allo a Arewa sun haura 20,000, amma ba a yi wani abin kirki ba wajen tallafa masu.

Abin lura shi ne, a ƙasarsu Turawan sun san yadda ake yi. A Ingila, dokar 1870 ta fara da gina makarantu a inda babu. Sai a 1880 aka tilasta zuwa, a 1891 kuma aka sauke wa iyaye kuɗin makaranta. A Faransa an mai da firamare kyauta a 1881, sannan aka tilasta ta a 1882. Can gida hukuma ta fara ɗaure kanta kafin ta ɗaure talaka. A nan ƙasar Hausa, ko a ɓangaren Ingilishi ko a ɓangaren Faransa da ke Nijar, yara kaɗan ake bukata waɗanda za su zama malaman ofis da na haraji da na asibiti, kuma ta hannun sarakuna ake ɗibarsu.

Dattawanmu da suka ga zamanin sun sha ba da labari. Takarda takan zo wa hakimi cewa ana son yara kaza. Hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya raba wa masu unguwanni, dogari ya shiga gari. Mai hali ya ba da akuya ko damin gero a tsallake gidansa. Wani ya ɓoye ɗansa cikin rumbu, wani ya tura shi gabas almajiranci da dare. Sau da yawa ɗan bara ko maraya ko ɗan wanda ba ya shiri da mai gari shi ake kamawa, uwa tana kuka kamar an yi mutuwa. Ɗibar 'ya'ya mata ta fi wuya, ko bayan da aka buɗe makarantar horar da mata a Sakkwato a 1939.

To, a nan ne kalmar tilas ta ɓaci a kunnen talaka. Ta shiga sahu ɗaya da haraji da jangali da aikin dole. Ba wanda ya taɓa ce wa manomin Gandi ko na Goronyo ɗansa yana bin hukuma bashin karatu. Abin da ya gani shi ne hukuma ta zo ɗaukar ɗansa, kamar yadda take zuwa ɗaukar kuɗinsa.

Ɗan Rabah Da Giɓin Da Ya Tarar

Cikin yaran da suka shiga boko daga wannan yanki akwai wanda ya zama jagoran Arewa baki ɗaya. An haifi Ahmadu Bello a Rabah a 1910. Ya yi makarantar lardi a Sakkwato, ya wuce Kwalejin Katsina ya gama a 1931, ya koyar a midil ta Sakkwato, aka naɗa shi hakimin Rabah a 1934, daga baya ya zama Sardaunan Sakkwato. Da ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, ya tarar da giɓi mai faɗi tsakanin Arewa da Kudu.

A watan Janairu na 1955 gwamnatin Obafemi Awolowo ta fara ba da ilimin firamare kyauta a Jihar Yamma. Jihar Gabas ta gwada a 1957, kuɗi ya gaza mata, ta ja da baya. Arewa ba ta shiga wannan tsere ba, domin ko an ce kowa ya zo, babu malaman da za su tsaya gaban allo. Sai gwamnatin Sardauna ta mai da hankali ga buɗe kwalejojin horon malamai da makarantun sakandare na larduna, da kuma Yaƙi da Jahilci domin manya. Hukumar NORLA da ke Zariya ta buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, ciki har da Zaruma ta lardin Sakkwato, har zuwa lokacin da aka rufe ta a 1959. A 1962 aka yi dokar ilimi wadda ta kafa hukumomin ilimi na ƙananan yankuna.

An yi aiki, babu mai musu. Amma har aka kashe Sardauna a Janairu 1966, karatun boko bai zama hakkin kowane yaro ba a dokar Arewa. Rabo ne, wanda ya samu ya samu.

Alkawarin 1974

A watan Janairu na 1974, a birnin Sakkwato, Janar Yakubu Gowon ya sanar da cewa gwamnatin tarayya za ta ba kowane yaro a Nijeriya ilimin firamare kyauta. Lokacin kuɗin man fetur na shigowa kamar ruwan sama. Gowon bai kai ga cika alkawarin ba aka hamɓarar da shi a 1975. A watan Satumba na 1976 Janar Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin da kowa ya sani da UPE. An tsara cewa za a fara da kyauta, daga baya a tilasta. Matakin tilastawar bai taɓa zuwa ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka aka yi. An yi lissafin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. Aka ɗebi waɗanda ba su daɗe da gama firamare ba aka yi masu horon gaggawa, aka tura su ƙauyuka. Wasu azuzuwan a gindin bishiya aka yi su, wasu a rumfar zana. Duk da haka yawan 'yan firamare a ƙasar ya tashi daga kamar miliyan 6 kafin shirin zuwa fiye da miliyan 12 wajen 1980. Ƙauyuka da dama a ƙasar Sakkwato a wannan lokaci suka fara ganin ginin makaranta mai kwano.

Tsarin mulkin 1979 ya sa maganar a sashe na 18, inda ya ce gwamnati za ta ba da ilimin firamare kyauta kuma tilas a lokacin da hali ya yi. Amma an ajiye sashen a babi na biyu, wanda tsarin mulkin da kansa ya hana kotu ta tuhumi gwamnati a kansa. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, nauyin firamare ya koma wuyan jihohi da ƙananan hukumomi. Malamai suka riƙa yin watanni ba albashi, jihohi da yawa suka dawo da karɓar kuɗi, iska ta yaye kwano ba a mayar ba. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya ƙara dagula al'amari. Aka kafa hukumar kula da firamare ta ƙasa a 1988, aka rushe ta a 1991, aka sake kafa ta a 1993. A 1989 aka kafa hukumar ilimin 'ya'yan makiyaya. Uban da ya ga ɗansa ya yi shekara shida bai iya rubuta wasiƙa ba, ya mai da ƙanensa gona ko kiwo, kuma da wuya a ga laifinsa.

Dokar 2004 Da Abin Da Ta Ƙunsa

A halin nan duniya tana ta matsa lamba. Sanarwar hakkin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ta riga ta ambaci ilimin farko kyauta kuma tilas. Yarjejeniyar hakkin yara ta 1989 ta sake jaddada shi, Nijeriya kuma ta amince da ita a 1991. A 1990 aka yi taron Jomtien a ƙasar Tailan kan ilimi domin kowa.

Ranar 30 ga Satumba 1999, a Sakkwato dai, Obasanjo, wanda yanzu ya dawo a matsayin zaɓaɓɓen shugaba, ya ƙaddamar da shirin UBE. A 2003 aka yi dokar hakkin yara ta tarayya. A watan Mayu na 2004 aka sa hannu kan dokar ilimin bai-ɗaya kyauta kuma tilas. Tun da yawancinmu sunanta kawai muke ji, ya kamata mu tsaya mu duba cikinta.

Dokar ta fara da gwamnati. Ta ce wajibi ne kowace gwamnati a Nijeriya ta ba kowane yaro ilimin firamare da na ƙaramar sakandare, watau shekara tara, ba tare da biyan ko kwabo ba. Ta lissafa abubuwan da za a bayar kyauta: littattafai da kayan koyarwa da azuzuwa da kujeru da abincin rana. Wanda duk ya karɓi kuɗi a hannun ɗalibi saɓanin haka, za a ci shi tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba, ko ɗaurin wata uku, ko duka biyu. Wajen bayyana waɗanda shirin ya shafa, dokar ta ambaci 'ya'yan makiyaya da 'ya'ya mata da almajirai da naƙasassu da sunansu.

Bayan wannan ne ta juya kan iyaye. Uban da ya ƙi kai ɗansa, karon farko a tsawata masa. Karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, ko duka biyu. Daga nan tarar naira 5,000 ko ɗaurin wata biyu, ko duka biyu. 

Game da kuɗi, dokar ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na tarayya domin tallafa wa jihohi ta hannun hukumar UBEC. Amma akwai sharaɗi. Jiha ba ta karɓar rabonta na gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta. Shekara da shekaru biliyoyin naira suka riƙa kwanciya a Abuja saboda jihohi da dama sun kasa, ko sun ƙi, kawo nasu kason. Har ila yau, da yake firamare a hannun jihohi da ƙananan hukumomi take, kowace jiha sai da ta yi tata dokar ta kafa tata hukumar SUBEB.

Da Magana Ta Je Kotu

An daɗe lauyoyin gwamnati suna fakewa da cewa sashe na 18 buri ne kurum, ba a kai ƙara a kansa, domin tsarin mulkin 1999 ya kwafo na 1979 a wannan wuri. Ƙungiyar SERAP ta kai Nijeriya ƙara kotun ECOWAS. A 2009 kotun ta ce tana da hurumin sauraron ƙarar, a 2010 kuma ta yanke cewa ilimi hakki ne na kowane yaro ɗan Nijeriya wanda ana iya nemansa a gaban shari'a. A ranar 1 ga Maris 2017 Mai Shari'a John Tsoho na Babbar Kotun Tarayya a Abuja, a ƙarar da ƙungiyar LEDAP ta shigar, ya yanke cewa tun da majalisa ta yi dokar 2004, ilimin firamare da ƙaramar sakandare kyauta ya tashi daga buri ya zama hakkin da kotu za ta iya tilasta wa gwamnati ta bayar.

Wannan ba ƙaramin juyi ba ne. Shekara ɗari da 'yan kai bayan dogari ya fara shiga gari neman yara, yau yaron ne yake da ikon kai hukuma ƙara. Sai dai hukuncin da aka rubuta da Turanci a Abuja, wa ya karanta wa mutumin Gandi shi?

A Jihar Sakkwato ma an yi yunƙuri. A watan Afrilu na 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani ta farko a Gagi. A ƙarshen 2015 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, a 2021 kuma aka sa hannu kan dokar kare yara ta jihar. A 2023 tarayya ta kafa hukumar kula da almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Kafa irin wannan hukuma shekara 19 bayan dokar tilas, shi kansa shaida ne cewa dokar ba ta kai inda aka aike ta ba. Hukumar UNICEF ta daɗe tana ambaton yara miliyan 10.5 da ba sa makaranta a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa.

Mu Koma Gandi

Sau uku ke nan, a 1974 da 1999 da 2012, shugabannin ƙasa suna zuwa Sakkwato su yi shelar sabon alkawari ga yara. Wurin auna alkawarin kuwa shi ne gabas da birnin, a ƙauyukan da ke kan iyaka da Zamfara da kuma fadamun gulbin Rima.

Mutanen yankin nan manoma ne da makiyaya. Da damina gero da dawa, da rani shinkafa da albasa da tafarnuwa a fadamar Wurno da ƙasan madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama a 1984. Hannun yaro yana da amfani a gona da wajen kiwo, tallan yarinya kuma yana cikin abin da uwa take tara kayan ɗaki da shi. Ko da ba a karɓar kuɗin makaranta, uban da ya saki ɗansa ya tafi aji ya yi asarar aikin yini. Zai jure wannan asara in ya ga malami yana zuwa, yaro kuma yana karuwa. In bai gani ba, ba tarar da za ta sa shi.

A kan wannan aka ɗora wasu masifun. Ambaliyar 2010 ta cinye ƙauyuka da gonaki a Goronyo da Wurno da Rabah. Daga 2018 kuma hare-haren 'yan bindiga suka tsananta, har a watan Oktoba na 2021 aka kashe mutane fiye da 40 a kasuwar Goronyo. Ƙauyen da ya watse, makarantarsa ta watse tare da shi. Malamin da aka tura daga birni yana tsoron hanya. Makarantar garin da ta karɓi 'yan gudun hijira kuma karatun 'yan garin ya tsaya ko ya raunana. A nan sai mu tuna da Muhammadu Bello, wanda ya fara gina ganuwa a Wurno sannan ya tara malamai a cikinta.

Ba muna wanke iyaye ba ne. Akwai uban da makaranta na ƙofar gidansa, malami na nan, amma ya cire 'yarsa daga aji huɗu ya yi mata aure, ko ya loda ƙananan yara a mota ya tura su birni ba guzuri. Irin wannan doka ta hau kansa, kuma tun kafin doka Shehu ya riga ya yi masa magana. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abin da tarihi ya nuna mana shi ne, tilas a kan uba ba ta da ƙarfi sai hukuma ta fara sauke tilas ɗin da ke kanta. Alƙalin da zai ci uba tara, sai ya iya nuna masa ajin da yaron zai zauna, da malamin da zai koya masa, da hanyar da zai bi ya dawo gida lafiya.

Ina Ruwan Marubuci?

Wani ɗan'uwa zai ce wannan magana ta lauyoyi ce da jami'an ilimi, me ya kawo ta mujallar marubuta? Amsar tana cikin tarihinmu. Gasar 1933 wadda ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar an shirya ta ne domin a sami abin da waɗanda suka iya boko za su karanta. Yaran da suka shiga aji ɗaya a 1976 sun gama firamare a 1982, kuma jim kaɗan bayan haka littattafan Hausa suka cika kasuwa, daga Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed zuwa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Duk da raunin UPE, ita ce ta haifa mana dubban masu karatu da marubuta. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta koma ta yi karatun manya, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? a kan wannan matsala. Nawa ne irinta da ba su sami komawa ba?

Saboda haka duk yaron da ya girma bai iya haɗa baƙi ba, mun yi asarar mai karatu, wataƙila ma mun yi asarar marubucin da ya fi mu. Akwai ayyukan da suke daidai ƙarfinmu. Dokar 2004 gajeruwa ce. Za mu iya mai da ita Hausa mai sauƙi, da boko da ajami, mu sa ta cikin wasan kwaikwayo na rediyo da waƙa da gajeren labari, yadda uwa a ƙauye za ta san cewa littafi da kujera hakkin ɗanta ne, kuma wanda ya karɓi kuɗi a kansu ya karya doka. Za mu iya zuwa wurin dattawan da aka kama aka kai elemantare, da malaman UPE na farko, mu rubuta labarinsu tun suna raye. Za mu iya rubuta wa yaran firamare littattafan da suka dace da su, domin mun fi mai da hankali ga samari da 'yan mata mun manta da 'yan aji biyu.

Kammalawa

Mun ga yadda wajibcin karantarwa ya fara a matsayin nauyi a kan mai iko, yadda mulkin mallaka ya juya shi ya zama kamen yara, da yadda doka da kotu suka dawo da shi kan hukuma a rubuce. Abin da ya rage shi ne labarin ya isa inda ake bukatarsa. Nana Asma'u ba ta jira matan ƙauye su iya Larabci ba, ta tsara masu karatu da harshensu ta ba jaji ta kai masu. Yaran da suka kwana a azuzuwan Gandi a 2018, waɗanda suke goye a lokacin yanzu sun isa shiga aji, kuma shekara tara ta karatu bashi ce da suke bin ƙasar nan. Kyan alkawari cikawa. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya kuma ba mu ikon isar da saƙo.